Taska ba zinariya kawai ba ce

Da zarar an tono wani abu a Turai, sai ka ji a rediyo ana cewa "an gano taska", mai sauraro kuma ya fara lissafin zinariya. Wani mai sharhi ma in ya ji ƙarfe ne aka samu sai muryarsa ta yi sanyi, kamar an yaudare shi.

A wurin masu binciken kayan tarihi, taska ita ce tarin kayan da wani ya adana wuri ɗaya da gangan, bai dawo ya ɗauka ba. Niyyar ɓoyewar ake dubawa, ba tsadar kayan ba. Ai ko a Hausa, taska ɗakin ajiya ce, ba a sharɗanta abin da ke ciki ba.

A Inchtuthil, kusa da kogin Tay a Sikotland, sojojin Rum sun kafa babban sansani wajen shekara ta 83 miladiyya. Ba su gama ginin ba aka janye su. Kafin su tafi suka haƙa rami mai zurfi, suka zuba ƙusoshi fiye da 800,000, suka binne, suka daddaɓe ƙasar don kada a gane wurin. Sai a 1960 masanin kayan tarihi Ian Richmond da abokan aikinsa suka tono su. Na sama sun yi tsatsa sun manne, suka zama murfi, na ciki kuwa da yawa kamar jiya suka fito daga maƙera.

Me ya sa za a wahala haka kan ƙusa? Kayan sun yi nauyin ɗauka, barinsu a fili kuma kyauta ce ga abokan gaba, don duk maƙerin da ya samu wannan ƙarfe zai mayar da shi kan mashi. Wato ramin nan ya nuna mana abin da sojan Rum ke tsoro. Ni dai ban ga zoben da zai ba da labari irin wannan ba.

Amma har doka ta bi son ido. Dokar Ingila ta 1996 kan abin da za a kira taska ta fi karkata ga zinariya da azurfa, sai a 2023 aka faɗaɗa ta ta haɗa da muhimmancin tarihi. Taskar ƙauyen Hoxne na Ingila da ake ta yayatawa, mai tsabar kuɗi sama da 14,000, a 1992 aka same ta, garin neman gudumar wani manomi da ta ɓata a gona. Gudumar ma an gano ta, tana gidan tarihin Birtaniya tare da zinariyar.