Ganin ƙulli a saiwa bai isa ka san wace tsutsa ba ce

Mutane da yawa in sun tuge tumatir suka ga saiwar ta kumbura ƙulli-ƙulli kamar carbi, sai kawai su yanke hukunci wai girman ƙullin ne ke nuna irin tsutsar. Ba haka ba ne fa. Tsutsar da ke jawo ƙullin, wata 'yar mitsitsiyar tsutsa ce da ake kira nematod, wato Meloidogyne, kuma kala-kala ce, akwai incognita, javanica, arenaria, hapla, kuma sau da yawa biyu ko uku na zaune a gona ɗaya, girman kumburin ma ya danganta da shukar da yawan tsutsar. Hapla dai ƙullinta kan yi ƙanana, amma wannan ba hujja ba ce.

Sai an kai saiwar ɗakin gwaji, a ciro macen, 'yar fara mai siffar ƙwai, a duba zanen bayanta a madubin da ke ƙara girma, ko a gwada DNA, wanda ya fi tabbas.

To meye amfanin wahalar? Irin tumatir mai ƙwayar gado ta Mi yana jure incognita da javanica da arenaria, amma wata kalar tsutsar mai suna enterolobii ko a jikinta, cinye shi take yi.