Ma'anar Boljoyin a Ƙafar Mota da Yadda Ake Canza Shi a Gida

Idan bakanike ya leƙa ƙarƙashin mota ya ce boljoyin ya mutu, masu mota da yawa sukan biya kuɗin gyara ba tare da sun san abin da aka cire ko aka saka ba. Kalmar aro ce daga Turanci, kuma ma'anarta ita ce gaɓa mai ƙwallo. Wani ƙarfe ne mai kai zagayayye kamar ƙwallo, wanda ke zaune cikin ƙoƙon ƙarfe mai cike da giris, an rufe bakinsa da roba, ɗaya ƙarshen kuma yana da zare inda noti ke kamawa. Wanda ya taɓa lura da yadda kan ƙashin cinyar rago ke zaune cikin ƙoƙon ƙugu ya riga ya ga siffarsa, domin aikin nasu ɗaya ne: riƙewa da ƙarfi tare da barin motsi ta kowace fuska.

Wurin zamansa shi ne tsakanin hannun ƙarfen da ya fito daga jikin mota da ƙarfen da ke ɗauke da taya da birki. Tayar gaba tana yin motsi iri biyu a lokaci guda, tana hawa da sauka bisa gargada, tana kuma juyawa dama da hagu idan an murɗa sitiyari, kuma boljoyin ne ke ba ta damar haɗa su biyun ba tare da ta rabu da mota ba. Kafin ya yaɗu a shekarun 1950, yawancin motoci da wata doguwar sandar ƙarfe da ake kira kinfin suke aiki, wadda har yau ake samu a manyan motocin dakon kaya.

Ba kowace mota ce ke da adadi ɗaya ba, kuma a nan ne mai son yin aikin da hannunsa ya kamata ya tsaya ya fahimci motarsa. Motoci irin su Toyota Corolla da Camry da Volkswagen Golf suna da tsarin da ake kira MacPherson, inda shakazoba da sifirin suke haɗe wuri guda, don haka boljoyin ɗaya ne a ƙasa a kowane gefe, kuma ba shi ne ke ɗauke da nauyin mota ba. Toyota Hilux da Honda Accord ta 2003 zuwa 2007 kuwa hannaye biyu gare su a kowane gefe, na sama da na ƙasa, kowanne da nasa boljoyin. A irin wannan Accord ɗin, na ƙasa yana ɗauke da nauyin gaban mota, shi ya sa idan ya cinye har ƙwallon ya zare daga ƙoƙonsa, taya takan kwanta cikin mota nan take, direba kuma ya rasa iko da sitiyari.

Abin da ke kashe shi tun kwanansa bai ƙare ba, galibi, ita ce robar nan da mutane ke rainawa. Da zarar ta tsage, giris ya zube, ƙura da ruwan damina su shiga, sai su zama kamar yashin goge tukunya suna cin ƙarfen a hankali. Alamar farko ita ce ƙarar ƙwal-ƙwal daga gaba idan an taka rami, ko wani kuka mai kama da na tsohuwar ƙofa idan an juya sitiyari a tsaye. Daga baya mota takan fara yawo a kan hanya, taya kuma ta cinye ta gefe ɗaya. Domin a tabbatar, ana ɗaga mota, a kama taya ta sama da ta ƙasa a girgiza. Idan an ji motsi, sai wani ya taka birki a sake gwadawa: in motsin ya ɓace, matsalar ta boris ce, wato abin da taya ke juyawa a kansa, in kuwa yana nan, boljoyin ne abin zargi. Inda boljoyin ke ɗauke da nauyi, dole a sa jak a ƙarƙashin hannun ƙasa tukuna, in ba haka ba matsin sifirin zai ɓoye lalacewar.

Amsar ko za a iya canza shi a gida ta dogara ne ga yadda aka ɗaura shi. Wanda aka kama da notuna, kamar na Corolla da Golf, aiki ne da mai haƙuri da kayan aiki nagari zai iya gamawa a tsakar gidansa. Wanda aka danna shi da ƙarfi cikin ramin ƙarfe yana buƙatar na'urar matsi ta musamman, kuma a ganina gara a kwance ƙarfen a kai wa masu injin matsi a gareji da a far masa da guduma, domin duka yana faɗaɗa ramin har sabon ya ƙi zama daram. Akwai kuma motocin da boljoyin ɗinsu ba ya rabuwa da hannun, sai dai a canza hannun gaba ɗaya.

Ana fara aikin a daben siminti mai faɗi, a ja birkin hannu, a tokare tayoyin baya, a sassauta notunan taya kafin a ɗaga. Jak na ɗagawa ne kawai. Ba a sa hannu ko kai ƙarƙashin mota sai an dasa ta a kan ƙafafun ƙarfe da aka yi don haka, kuma bulo ba ya maye gurbinsu, domin yakan fashe ba tare da gargaɗi ba. Bayan an cire taya, sai a zare siririn fil ɗin da ya ratsa notin boljoyin idan akwai shi, a kwance notin amma a bar shi a bakin zare. Wuyan boljoyin tsukakke ne, yana cije ramin da yake ciki, saboda haka ana raba su da abin ɓamɓarewa na musamman, ko a bugi gefen ƙarfen da ya kewaye wuyan, ba kan zaren ba. Yayin da abubuwa suka saki, a kula kada nauyi ya rataya a kan tiyon birki ko wayar ABS (na'urar da ke hana taya ƙamewa idan an taka birki), kada kuma a fizgo shaf daga giya.

Kafin a saka sabo, a ɗora shi kusa da tsohon a gwada tsayi da ramuka, a goge ramin har ya rabu da tsatsa, kuma kada a shafa giris a wuyan. Kowane noti yana da ma'aunin ɗauri da kamfanin motar ya ƙayyade a littafinta, kuma da sifana mai awon ƙarfi ake cimma shi. Idan ramin fil bai daidaita da tsagar noti ba, ƙara ɗaurewa ake yi kaɗan, ba a sassautawa, sannan a sa sabon fil a lanƙwasa ƙafafunsa.

Akwai wata dabara da ake yi a wasu garejoji, ta cusa leda cikin ƙoƙon tsohon boljoyin ko a daddaka bakinsa don ƙara ta ɗauke. Wannan yana kashe ƙarar ne kawai, ƙarfen da ya cinye yana nan yadda yake, kuma an kawar da alamar da za ta gargaɗi direba. Idan na gefe ɗaya ya mutu saboda tsufa, a duba ɗan'uwansa, tun da hanya ɗaya suka bi. Bayan an sauke mota an ɗaure taya, sai a wuce wurin masu alaimen su daidaita tsayuwar tayoyin kafin a hau babbar hanya.