Waiwaye: Kakar Super Rugby ta 2011, shekarar da Crusaders suka yi wasa ba gida

A ranar 22 ga Fabrairun 2011, kwana huɗu kacal da fara gasar zari-ruga ta Super Rugby, girgizar ƙasa ta afka wa birnin Christchurch na New Zealand, ta hallaka mutum 185. Filin Lancaster Park, gidan ƙungiyar zari-ruga ta Crusaders, ya tsattsage har ba a sake buga wasa a cikinsa ba. Wasan da ƙungiyar za ta yi da Hurricanes a ƙarshen makon aka soke shi, aka rubuta canjaras.

Kafin a kai ga wannan shekara, gasar ta yi tafiya. A 1995 ne aka halatta biyan 'yan zari-ruga albashi, sai hukumomin wasan na Afirka ta Kudu da New Zealand da Ostiraliya suka haɗa kai, suka sayar wa kamfanin News Corporation haƙƙin nuna wasanninsu na shekara goma a kan dala miliyan 555. Da wannan kuɗi aka kafa Super 12 a 1996: ƙungiyoyi biyar daga New Zealand, huɗu daga Afirka ta Kudu, uku daga Ostiraliya. Kowa ya kara da kowa sau ɗaya, huɗun farko su wuce. Blues ta Auckland ce ta ɗauki kofin farko, Crusaders kuwa su ne kurar baya a waccan shekarar, amma daga 1998 zuwa 2008 sai da suka ɗauki kofi bakwai. A 2006 aka mayar da ƙungiyoyin 14.

Kakar 2011 ta zo da sabon tsari. An shigar da Melbourne Rebels, ƙungiyoyi suka zama 15, aka raba su rukuni uku, kowace ƙasa da rukuninta. Ƙungiya za ta kara da 'yan ƙasarta gida da waje, sannan ta haɗu da huɗu daga cikin biyar na kowane ɗaya daga sauran rukunai biyun. Wanda ya yi na ɗaya a rukuninsa ya samu gurbin zagayen ƙarshe, ko da makinsa bai taka kara ya karya ba. Hujjar masu gasar ita ce wasan 'yan gida ya fi cika fili, ya fi kawo kuɗin talabijin.

Crusaders dai ba su da gidan da za a cika. Suka riƙa karɓar baƙi a ƙananan garuruwa irin su Nelson da Timaru da Napier. A ranar 27 ga Maris suka kwashi kayansu har Landan, suka karɓi Sharks ta Durban a filin Twickenham, suka doke ta da ci 44 da 28. Wannan ne karon farko da aka buga wasan gasar a wajen ƙasashen uku. 'Yan wasan na barin iyalansu a birnin da ƙasa ba ta daina motsi ba, su hau jirgi mako bayan mako, kuma duk da haka tawagar koci Todd Blackadder, mai su Richie McCaw da Dan Carter da Kieran Read da Sonny Bill Williams, ta zo ta ɗaya a rukunin New Zealand. A zagayen ƙarshe ta sake lallasa Sharks a Nelson, ta tashi zuwa Cape Town ta fitar da Stormers da ci 29 da 10, sannan ta juyo zuwa Brisbane domin wasan ƙarshe. A ganina babu ƙungiyar da ta taɓa yin abin da ya kai wannan a tarihin gasar, har da waɗanda suka ɗaga kofi.

Abokan karawar tasu, Reds ta Brisbane, su ma sun ga tasku. A watan Janairun shekarar ambaliya ta mamaye Brisbane, ruwa ya kwanta a cikin filin Suncorp kansa, gidan Reds. Reds kuma ƙungiya ce da a 2007 Bulls ta ci ta 92 da 3. A ranar 9 ga Yuli, gaban 'yan kallo sama da 52,000, ana 13 da 13 saura kimanin minti goma sha biyu, Will Genia na Reds ya ɗauki ƙwallo daga ɓangarensu, ya ga 'yar kafa tsakanin masu tsaro, ya zura da gudu fiye da mita sittin ya dangwala ta a bayan layi. Aka tashi 18 da 13, Reds ta ɗauki kofinta na farko tun da aka koma wasan albashi.

Daɗin wannan kaka ya rufe wa mutane ido daga aibin tsarin rukuni, sai daga baya ya fito fili. A 2016 aka ƙara Jaguares ta Ajantina da Sunwolves ta Japan da Southern Kings, ƙungiyoyi suka kai 18, jadawalin ya cukurkuɗe har magoya baya na kasa gane wa ke gaba da wa. A 2017 Brumbies da ta ci wasa shida kacal, amma ta zo ta ɗaya a rukunin Ostiraliya, ita ta karɓi baƙuncin Hurricanes mai nasara goma sha biyu a zagayen kusa da na kusa da ƙarshe, Lions ta Afirka ta Kudu kuma ta kai wannan zagaye ba tare da ta haɗu da ko ƙungiya ɗaya ta New Zealand ba. Wannan rashin adalci ne, kuma 'yan kallo sun gane. Shekara ta zagayo aka sallami Cheetahs da Kings da Western Force.

Annobar korona ta tsayar da gasar a Maris ɗin 2020, daga nan aka raba gari. Ƙungiyoyin Afirka ta Kudu, wato Bulls da Lions da Sharks da Stormers, suka koma gasar United Rugby Championship (URC) tare da ƙungiyoyin Turai a 2021, inda bambancin agogo bai kai ya kawo ba. A 2022 aka buɗe Super Rugby Pacific da ƙungiyoyi 12, har da Fijian Drua da Moana Pasifika, aka watsar da rukuni aka koma teburi guda. Rebels, wadda shigowarta ta zo da tsarin rukunin, bashi ya ci ta, aka cire ta bayan kakar 2024.