Kogin Jakara

Jakara kogi ne, ko ma dai a ce rafi, da ya taso daga cikin tsohon birnin Kano ya bi ta gefen Kasuwar Kurmi, ya ratsa Fagge da wajejen Sabon Gari, ya nausa arewa maso gabas har ya zube a dam ɗin Wasai a ƙaramar hukumar Minjibir, wanda aka gina wajen 1976. Yawancin abin da yake ɗauka yanzu ruwan kwata ne, musamman da rani.

Tarihi

Sunan Jakara tsoho ne sosai. Tarihin Kano ya ambaci wani kurmi mai suna Jakara da mutanen Dala suke girmamawa tun zamanin Barbushe, ana ce masa Kurmin Baƙin Ruwa wai saboda baƙin ruwan da ke wajen. Ita ma Kasuwar Kurmi, da ake dangantawa da Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, a bakin ruwan nan ta zauna. Da Barth, wani matafiyi ɗan Jamus, ya zo Kano a 1851 ya tarar da Jakara babbar fadama ce ta raba gari biyu, ya ƙiyasta mutanen birnin wajen 30,000, yau kuwa ana maganar sama da miliyan 4.

A da duk unguwa tana da kududdufinta, ramukan da aka haƙi ƙasar gini ne, su suke riƙe ruwan damina kafin ya gangara Jakara. Da gari ya cika aka dinga cike su da bola ana yanka filaye ana gini a kai, to ruwan dai ba shi da wajen zama kuma, sai ya faɗa gidajen mutane.

Gurɓata

Ruwan wanka da wanki na dubban gidaje, jini da tumbi daga mayanka, leda da robobin ruwa, duk nan suke tafiya, sannan rafin Getsi ya haɗe da shi ɗauke da dagwalon masana'antun Bompai har da na majemu. Masu bincike sun sha samun dalma da kuromiyam, ƙarafa masu guba, a ruwan. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne da wannan ruwan ne masu lambu suke ban ruwan latas da alayyahu da kabeji, su ba wani ruwan gare su ba, kuma kayan cikin gari yake dawowa a ci.

Dagwalon masana'antun Sharaɗa da Challawa kam ba nan yake zuwa ba, Kogin Challawa yake shiga.

Rufe kogin

Wajen 2013 gwamnatin jiha ta fara rufe ɓangaren cikin birni da kankare don a yi titi a kai, titin da ake kira Wuju-Wuju. Daga baya aikin ya yi shekaru a tsaye, kuma ana saɓani kan dalili. Rufin ya ɓoye ruwan a cikin gari, amma haka yake fitowa can gaba ya isa lambunan.