Zaɓen jinsin karakta a gem ɗin intanet

Karakta, ko avatar kamar yadda masu bincike suka fi kiransa, shi ne jikin da mutum ke shiga idan zai buga gem da sauran jama'a a intanet, wato wannan mutum-mutumin da kake gani a allo yana gudu yana harbi yana tsalle a madadinka. Yawancin irin waɗannan gem ɗin tun kafin a fara komai sai sun tambaye ka namiji kake so ko mace, kuma babu wanda zai ce kawo katin ɗan ƙasa mu gani, shi ya sa akwai maza birjik da ke yawo da jikin mace, akwai kuma matan da ke yawo da jikin namiji. Masana halayyar ɗan Adam da na sadarwa sun fi shekara 30 suna bin wannan al'amari, kuma abin da ya fi fitowa fili shi ne ɓangarorin biyu duk suna yi, amma dalilin da ke kai namiji daban, wanda ke kai mace daban.

Asalin abin

Tun kafin a samu hoto ma ake yinsa. A 1978 Roy Trubshaw da Richard Bartle suka haɗa MUD a Jami'ar Essex da ke Ingila, gem ne na rubutu zalla, ka rubuta abin da za ka yi kwamfuta ta rubuto maka abin da ya faru, to a irin wannan wuri ai duk abin da ka ce kai ne, shi ne kai. A 1990 Pavel Curtis na cibiyar Xerox PARC a Amurka ya buɗe LambdaMOO, shi ma na rubutu ne, kuma nan ne masu bincike suka fara zura ido sosai. Amy Bruckman, lokacin tana MIT, ta yi rubutu a kan haka a 1993, ta nuna yadda karakta mai sunan mace da zarar ta shigo sai a yi mata caa, wannan ya ce bari in nuna miki hanya, wancan ya ce ga kyauta, wani kuma ya fara maganar banza, maza da yawa da suka gwada sunan mace don wasa sai a lokacin suka ga irin abin da mata ke sha.

Da hoto ya zo sai abin ya ƙara girma. Habitat na kamfanin Lucasfilm ya fito a 1986 a kwamfutar Commodore 64, daga baya aka samu manyan duniyoyi irin su Ultima Online a 1997, EverQuest a 1999, sai kuma World of Warcraft na kamfanin Blizzard a ƙarshen 2004, wanda mutane miliyoyi suka tare a ciki, kuma da yawa daga cikin binciken da ake kafa hujja da shi yau daga waɗannan biyun na ƙarshe aka samo.

Su wa suka fi yi

Wani mai bincike, Nick Yee, ya daɗe yana tara amsoshin dubban 'yan wasa a wani aiki da ya sa wa suna Daedalus Project, abin da ya gano shi ne maza sun fi mata sauya jinsi nesa ba kusa ba, kuma da yake maza ne suka fi yawa a gem ɗin, sai ya zama kaso mai tsoka na karaktocin matan da ake gani a World of Warcraft maza ne ke riƙe da su. A 2014 Rosa Mikeal Martey da Mia Consalvo da abokan aikinsu suka sa mutum 375 yin wani aiki na musamman a cikin gem ɗin, suka tarar kashi 23 cikin 100 na mazan sun ɗauki mace, matan da suka ɗauki namiji kuma kashi 7 ne kacal.

Akwai kuma binciken da ya zo da akasin haka. Zaheer Hussain da Mark Griffiths na Jami'ar Nottingham Trent sun fitar da nasu a 2008, mutum 119 ne kawai suka tambaya, a nan kashi 54 na maza suka ce sun taɓa yi, mata kuma kashi 68. Mutanen ba su da yawa, kuma tambayar ma ba iri ɗaya ba ce, don "ka taɓa yi" daban take da "da wanne kake wasa kullum", mace tana iya buɗe karakta namiji ta ajiye don ranar da ta gaji da surutun mutane alhali babbar karaktarta mace ce. Duk wanda zai kawo alƙaluman nan ya kamata ya fara duba wace tambaya aka yi, kuma ya tuna yawancin waɗanda aka tambaya 'yan Amurka da Turai ne masu wasa a kwamfuta.

Dalilai

Amsar da maza suka fi bayarwa ita ce ta kallo. A gem ɗin da kyamara ke bayan karakta, mutum zai shafe awanni yana kallon bayan abin da yake tuƙawa, sai su ce to gara ya zama abin da ido zai ji daɗinsa. Ga kuma tufafi, kamfanoni sun fi ɓata lokaci wajen zana kayan mata da gashinsu da launuka, na maza sau da yawa ƙaton sulke ne da ƙaton kafaɗa shi ke nan. Wasu kuma riba suke nema kai tsaye, a ba su kuɗin cikin gem, a ba su makami, a ɗauke su cikin ƙungiya da sauri, a yi musu haƙuri idan sun yi kuskure. Akwai masu son labari, wato suna ɗaukar karakta kamar yadda marubuci ke ƙirƙirar jaruma, ba su taɓa jin cewa su ne ita ba. Akwai kuma 'yan kaɗan da abin ya shafi yadda suke kallon kansu a zahiri, su ma bincike ya ambace su, amma ba su ne mafi yawa ba.

Na mata gajere ne kuma ba daɗin ji. Mafi yawa suna ɗaukar namiji ne don a ƙyale su, kar a dame su da neman lamba, kar a ce ba su iya ba tun kafin su harba harsashi ɗaya, kar a turo musu abin da ba su nema ba. Wasu kuma kayan da ake sa wa karaktocin mata ne ke korarsu, a ce jaruma za ta shiga filin daga amma sulkenta bai rufe komai ba.

Akwai dalili na uku da bai ruwansa da namiji ko mace, shi ne neman nasara. A Fortnite 'yan gasa da yawa sun fi son siririyar sikin ta mace, wato siffa da kayan da ake sa wa karakta, saboda ba ta cika allo, duk da cewa wurin da harsashi ke kamawa a jiki iri ɗaya ne ga kowa. A Apex Legends da ya fito a 2019 kuwa girman jikin ya yi tasiri da gaske, karaktocin mata Wraith da Lifeline ƙanana ne suna da wuyar samu, har sai da kamfanin Respawn ya ƙara musu kashi 5 cikin 100 na illar da harbi ke yi musu don a daidaita, ya kuma rage wa masu ƙaton jiki irin su Gibraltar, daga baya a 2021 aka cire wancan ƙarin. A Free Fire ma haka, yaro zai ɗauki Kelly, karakta mace, saboda gudunta, gobe ya koma Alok, karakta namiji, saboda maganin da yake bayarwa, babu wanda ke tsayawa tunanin jinsi a nan.

Abin da jikin ke yi wa mai shi

Nan ne wurin da ya fi ban sha'awa a duk maganar. A 2007 Nick Yee da Jeremy Bailenson a Jami'ar Stanford suka nuna cewa siffar karakta tana canza halin mai riƙe da ita, wanda aka ba dogon jiki sai ya fi taurin kai wajen ciniki, wanda aka ba kyakkyawar fuska sai ya fi matsowa kusa da mutane ya fi sakin baki, suka kira abin tasirin Proteus. A 2011 Yee da wasu abokan aiki suka duba wannan ta fuskar jinsi a World of Warcraft, inda an daɗe ana cewa mata sun fi son aikin warkar da 'yan ƙungiya maimakon faɗa. Da aka duba bayanan wasan sai aka ga maza da mata na zahiri kusan ɗaya suke a yawan warkarwa, amma karaktocin mata sun fi yi, ko wa ke riƙe da su, ma'ana namiji idan ya shiga jikin mace sai ya fara yin abin da yake zaton mata na yi, daga nan sai zaton ya zama gaskiya a allo kowa ya gani ya ce ai dama mun faɗa.

Binciken su Martey ya ƙara wani abu. Mazan da ke jikin mace sun kwaikwayi magana, suna yawan sa alamar murmushi da kalaman nuna jin daɗi ko damuwa, sun kuma fi zaɓar kyakkyawar fuska da dogon gashi, amma tafiyarsu ta tona su, suna yawan tsalle, suna yawan ja da baya, suna tsayawa nesa da taro kamar yadda sauran maza ke yi. Baki yana iya yin wasan kwaikwayo, yatsu ne suka kasa.

Har farashi an taɓa aunawa. A 2003 masanin tattalin arziki Edward Castronova ya duba yadda ake sayar da karaktocin EverQuest da kuɗin gaske a kasuwar gwanjo ta intanet, matsakaicin farashi dala 333, amma karakta mace tana faɗuwa da dala 40 zuwa 55 ƙasa da namiji mai lebul ɗaya da ita, alhali a cikin gem ɗin ƙarfinsu ɗaya babu bambanci ko kaɗan.

Hannun kamfanoni

Ba kullum zaɓin ke hannun ɗan wasa ba. A Ragnarok Online na Koriya ta Kudu da ya fito a 2002, a lokacin jinsin da ka sa wajen buɗe akawun shi ne na duk karaktocinka. Black Desert Online da Lost Ark, su ma na Koriya, sun ɗaure wasu ajujuwan mayaƙa da jinsi, in kana son salon faɗan wani aji dole ka karɓi jikin da ya zo da shi. Wasu kuma sun daɗe babu mace sam, sai a 2013 Call of Duty: Ghosts ya fara sa sojoji mata a wasan jama'a, FIFA 16 ne ya fara kawo ƙungiyoyin mata na ƙasashe a 2015, a 2014 kuma Ubisoft ya sha suka da ya ce sa mace a wasan haɗin gwiwa na Assassin's Creed Unity zai ninka musu aiki.

Wanda ya fi tada ƙura shi ne Rust na kamfanin Facepunch. A watan Afrilun 2016 suka raba wa 'yan wasa jinsi ta hanyar ƙuri'a, suka liƙa shi da akawun ɗin mutum na Steam, shagon sayen gem a kwamfuta, har abada, ba canji ba roƙo, dama a 2015 sun yi haka da launin fata. Maza da yawa suka wayi gari suka ga sun zama mata, aka yi ta zage-zage, shugaban kamfanin Garry Newman ya kare abin da cewa so suke a riƙa gane mutum da siffa ɗaya a kullum. Mata kuwa da yawa cewa suka yi su ai tuntuni da jikin namiji suke wasa ba wanda ya tambaye su. A ɗaya gefen Blizzard sassautawa ya yi, daga 2020 ana canza jinsin karakta kyauta a shagon aski na cikin World of Warcraft, abin da a da sai an biya dala 15, wasu gem ɗin kuma irin Elden Ring na 2022 sun cire kalmar namiji da mace daga wurin zaɓi suka koma nau'in jiki A da B, wannan ma har yau ana jayayya a kai.

Murya

Zuwan maik ya rage ƙarfin ɓuya sosai, don karakta na iya zama komai amma da ka buɗe baki an ji. Jeffrey Kuznekoff da Lindsey Rose sun gwada wannan a Halo 3, suka riƙa kunna muryar da aka naɗa, wani lokaci ta namiji wani lokaci ta mace, kalamai iri ɗaya marasa tsokana, sakamakon da suka fitar a 2013 ya nuna muryar mace ta sha baƙar magana ninki uku na ta namiji. A 2015 Michael Kasumovic da Kuznekoff suka sake duba wasan, suka ga mazan da ke shan kaye a wasan su ne suka fi zagin muryar mace, gwanayen kuwa sun fi yi mata magana mai kyau. Shi ya sa mata da yawa a yau ba su tsaya ga jikin namiji kaɗai ba, sai su haɗa da suna mara nuna jinsi su kuma kashe maik gaba ɗaya, duk da cewa a gem irin na ƙungiya rashin magana yana jawo asara.

A ƙasar Hausa

A nan ta waya abin ya shigo, PUBG Mobile da ya fito a 2018, Free Fire na kamfanin Garena, da Call of Duty: Mobile na 2019, kuma a waɗannan mutane sun fi kallon karakta a matsayin kaya, wace sikin ka mallaka, nawa ka kashe, don haka ganin saurayi da karakta mace ba ya ɗaga wa kowa hankali, sai dai abokai su ɗan tsokane shi. Masu kula da addini a wasu lokuta sukan kawo hadisin Ibn Abbas da ke cikin Bukhari kan la'antar maza masu kamanceceniya da mata da mata masu kamanceceniya da maza, tambayar da ake yi ita ce ko tuƙa hoto a allo ya shiga ciki ko kuwa sai mutum ya yi a jikinsa da shigarsa da maganarsa. Inda kusan kowa ya yarda an wuce gona da iri shi ne idan aka haɗa da ƙarya, wato namiji ya ce shi mace ne da gaske don ya karɓi data ko kati ko kuɗin sayen sikin, irin abin da aka saba gani a akawun ɗin bogi na Facebook, kuma 'yan sikwad, wato abokan ƙungiyar wasa, idan sun yi shakka abin da suke cewa ɗaya ne, kunna maik mu ji.