Ba duk Kurdawa Turkiyya ke yaƙa ba

Tun da aka fara yaƙin basasar Siriya ake cewa Turkiyya na yaƙi da Kurdawa, kamar duk Bakurde abokin gabarta ne. Abin ba haka yake ba.

Wanda Ankara ta sa a gaba shi ne rundunar YPG ta Kurdawan arewacin Siriya, wadda take ɗauka reshe ce ta PKK, ƙungiyar Kurdawa ta Abdullah Ocalan da ta ɗauki makami a Turkiyya a 1984. Saboda YPG ne sojojin Turkiyya suka shiga yankin Afrin na arewacin Siriya a 2018, suka kuma kama garuruwan Tal Abyad da Ras al-Ain na Siriyar a Oktoban 2019. Abin da ya ƙara dagula lissafi, ita YPG ɗin ce ƙashin bayan dakarun SDF, gamayyar mayaƙan Kurdawa da Larabawa a Siriya, waɗanda Amurka ta haɗa kai da su wajen yaƙar ISIS.

Amma leƙa Iraƙi. Jam'iyyar KDP ta gidan Barzani da ke mulki a Erbil, babban birnin yankin Kurdawan Iraƙi, ta daɗe tana ɗasawa da Turkiyya, har man fetur ɗin yankin ta tashar Ceyhan ta Turkiyya ake fitar da shi. A 2014 ma, ta cikin Turkiyya mayaƙan Peshmerga na Kurdawan Iraƙi suka bi suka kai ɗauki Kobani, garin Kurdawa a Siriya da ISIS ta yi wa ƙawanya. A cikin Turkiyya kuwa, Kurdawa da dama shugaban ƙasa Erdogan suke zaɓa.

Wannan fa ba wanke Turkiyya ba ne. Farmakin Afrin ya raba dubban fararen hula Kurdawa da gidajensu, kuma shekaru da yawa an takura wa harshensu a Turkiyya.