Samfuran ganga na kyauta a waya: tambayoyin da matasan Zariya ke yi mini

Kusan duk yammacin da na zauna a bakin shagon cajin waya na unguwarmu a Tudun Wada, sai wani yaro ya miƙo mini iyafis ya ce, "Yaya, ɗan saurari wannan." Kiɗa ne ya haɗa a wayarsa. Sau da yawa kunnen yaron yana da kyau, hannunsa ma haka, amma gangar da ya ɗora ita ce dai wadda ta zo da manhajar, wadda za ka ji a wayar kowa daga Samaru har Sabon Gari. Daga nan hira take juyawa zuwa samfuran ganga na kyauta: a ina ake samu, ya ake sakawa, halal ne ko satar fasaha. Ga tambayoyin da suka fi maimaituwa, da amsar da nake bayarwa.

Wai shi samfurin ganga mene ne?

Guntun sauti ne da aka naɗa aka ajiye a fayil. Iri biyu ne. Akwai bugu ɗaya tak, kamar kik guda (bugun babbar ganga mai ƙugi), ko siniya (ƙaramar ganga mai kaifin sauti), ko tafi, ko hai-hat (faifan ƙarfe mai cas-cas), wanda kai za ka jera da hannunka yadda kake so. Akwai kuma lup, wato kiɗan da an riga an jera shi, yana zagayawa yana dawowa. Idan aka tara irin waɗannan da yawa a cikin folda ɗaya aka matse ta ZIP, shi ne ƙunshin da yara ke kira fak.

Wannan ƙugin mai girgiza ƙirji da ake ce wa 808, sunan na'ura ne. Kamfanin Roland na Japan ya fitar da TR-808 a 1980, bai daɗe ba ya daina ƙera ta saboda ba ta yi kasuwa ba, sai ga sautinta ya zama gishirin kiɗan hip-hop. Yau yaron da bai taɓa ganin na'urar ba yana da muryarta a aljihu.

Wace manhaja ce ke karɓar samfuri daga waje?

Manyan duk suna karɓa. FL Studio Mobile ta kamfanin Image-Line na ƙasar Beljiyam sayen ta ake yi, kuma tana da folda ta musamman da ake zuba samfuri. BandLab kyauta ce, tana da maɓallan da za ka ɗora wa kowanne sauti ka riƙa bugawa da yatsa, sai dai tana son intanet. Mai iPhone yana da GarageBand ba ko sisi. Koala Sampler kuma ita ce na fi ba wanda yake son ya naɗi sauti nan take ya buga shi. Ka zaɓi ɗaya ka zauna a kanta wata shida, ya fi maka ka sauke biyar kana tsalle tsakaninsu.

A ina zan samu na kyauta ba tare da na jawo wa wayata cuta ba?

Wurin da na fi yarda da shi shi ne Freesound, taskar sauti da masu binciken kiɗa na jami'ar Pompeu Fabra da ke Basalona suka buɗe a 2005. Kowane sauti a can an rubuta wanda ya naɗe shi da sharaɗin da ya gindaya. BandLab ma tana da nata rumbun a cikin manhajar. Kamfanonin da ke sayar da samfuri kuma sukan ba da ɗanɗano kyauta idan ka ba su adireshin imel.

Abu ɗaya nake son ka riƙe da kyau. Ƙunshin ganga fayilolin sauti ne kawai, WAV (tsarin ajiye sauti ba tare da an matse shi ba) ko makamancinsa. Duk wanda ka sauke ka ga ya ƙare da APK, wato fayil ɗin girka manhaja, ko ya ce sai ka girka wani abu kafin ya buɗe, ko ya nemi izinin shiga saƙonninka, to ba ganga ba ce. Wayar da kake kiɗa da ita, ita ce kake shiga asusun bankinka da ita.

Tunda kyauta ne, zan iya sayar da waƙar da na yi da shi?

A nan ne mutane da yawa ke tuntuɓe, don "kyauta" ba abu ɗaya ba ne. Ba ka biya kuɗi ba, gaskiya ne, amma mai abu bai saki abinsa gaba ɗaya ba sai in ya faɗa da bakinsa.

Idan ka ga alamar CC0, mai shi ya yafe komai: ka yi waƙa, ka sayar, ba ya neman ko ambato. Idan CC BY ce, ka yi kasuwancinka amma dole ka rubuta sunansa. Idan ka ga an ƙara NC a baya, to ba na neman kuɗi ba ne. Waƙar da za ka ɗora a Audiomack ko YouTube don ta kawo maka wani abu, ko wadda mai biki ya biya ka ka yi wa amarya, ba ta shiga ciki ba. Ƙunshin kamfanoni kuwa yawanci suna ba ka damar sa sautin a waƙarka ka sayar ba tare da ka riƙa biyan su lada ba, amma sautin kansa nasu ne.

Akwai wata matsala da ta fi shafar lup. Mutum dubu suna iya sauke lup ɗaya. Wani ya riga ka fitar da waƙa da shi ya yi mata rajista da tsarin gano sauti na YouTube, kai kuma kana ɗora taka sai saƙo ya zo cewa kiɗan na wani ne, alhali kai ma da izini ka ɗauka. Shi ya sa nake ce wa yara su fi dogara da bugu ɗai-ɗai su jera da kansu. Idan lup ɗin ya zama dole, a yanka shi, a juya shi, a sauya masa murya. Kuma kada ka goge ɗan fayil ɗin rubutu mai ɗauke da sharaɗin amfani da ke zuwa a cikin foldar, shi ne shaidarka ran da aka yi gardama.

Abokina yana so, in tura masa?

In na CC0 ne ko wanda kai ka naɗa, tura masa, har ma ka ƙara masa da wani. In na kamfani ne, sharaɗinsu kusan kullum ya hana rarrabawa, ko da kyauta suka ba ka. Nuna masa inda ka samo ya je ya ɗauka da kansa. Wanda kuwa wani ya sa kuɗinsa ya saya aka fasa ake yawo da shi, sunansa kayan sata, ko da hannu goma ya bi kafin ya iso gare ka.

Wajen turawar ma akwai dabara. WhatsApp yana matse sauti idan ka aika shi a matsayin saƙon murya, kik ya isa can ya rame. Ka haɗa foldar ZIP ka aika a matsayin takarda, za ta je yadda take. In kuna tare, Xender ya wadatar, ba ruwanku da data. Kada nauyi ya ba ka tsoro: daƙiƙa ɗaya ta WAV mai layi ɗaya (mono) a ingancin faifan CD kusan KB 88 ce, don haka bugu 100 masu rabin daƙiƙa ba su kai MB 5 ba. Lup ne ke cin wuri, don minti ɗaya mai layi biyu (sitiriyo, hagu da dama) yana kai MB 10.

Me ya sa gangata take makara, ko ta ƙi zama da sauran kiɗan?

Duba ko MP3 ce. Wannan tsarin yakan bar ɗan shiru a farkon fayil, kunne ba ya jin shirun amma yana jin makarar. Yanke shi, ko ka nemi WAV. In lup ne, saurinsa da na waƙarka dole su zo ɗaya, yawanci ana rubuta lambar saurin a sunan fayil. Shi kuma 808 yana da murya kamar mawaƙi; in bai dace da sautin fiyanonka ba, ƙara masa ƙarfi ba zai gyara shi ba, sai ka daidaita muryar.

Na sauke ƙunshi ashirin, ban ga kalangu ko ɗaya ba. Me ya sa?

Wannan ita ce tambayar da ta sa na zauna rubutun nan, kuma ita ce ke damuna.

Ba ka gani ba ne saboda masu haɗa ƙunshin suna naɗar abin da ke kusa da su. In ka ci karo da folda mai sunan gangunan Afirka, yawanci jembe ne na yankin Mali da Gini, da konga, wataƙila da gangar Yarbawa. Kalangu, kotso, taushi, jauje, kurya, dundufa, kiɗan ƙwarya na mata, shantu, ba wanda zai taso daga Landan ya naɗa mana su. Mu ne muke zaune da su. Ranar hawan Sallah ka tsaya tsakanin Ƙofar Doka da Fada, abin da zai ratsa kunnenka cikin awa ɗaya ya fi ƙarfin duk foldar da ke wayarka. A garin nan ne Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Mamman Shata digirin girmamawa a 1988, mutumin da kalangu ya raka shi duk tsawon waƙarsa. Amma yau yaron Zariya zai yi waƙar Hausa zalla, ya ɗora ta a kan gangar da aka naɗa a Atlanta. Ban ce laifi ba ne. 'Yan Afirka ta Kudu sun ɗauki sauti ɗaya daga cikin kwamfuta sun gina amapiano a kansa, duniya ta bi su. Abin da nake cewa, muna da namu a ƙofar gida, ba mu ɗauka ba.

To ya zan naɗi kalangu da waya ya fito da kyau?

Nemi ɗaki mai katifa da labule da tarin kaya, ba falo mai tayil ba, don bango tsirara yana mayar da amsa-kuwwa. Kashe fanka, sa wayar a yanayin jirgi, zaɓi lokacin da janareton maƙwabta da babura suka lafa. Yi amfani da manhajar da ke naɗa a WAV, ka kashe mata abin rage hayaniya in tana da shi, don yana ɗaukar jelar sautin ganga a matsayin hayaniya ya datse. Ajiye wayar kamar kamu biyu ko uku daga fatar. In ma'aunin sauti yana taɓa ja, matsa baya; sautin da ya yi ƙasa ana ɗaga shi, wanda ya fashe ba ya ɗinkuwa.

Kalangu ba kik ba ne da za ka ɗauki bugu ɗaya ka ce an gama. Magana yake yi, kuma da matsar tsarkiya a hammata yake hawa da sauka kamar yadda harshenmu yake hawa da sauka. Roƙi makaɗin ya ba ka bugu a sake, da bugu a matse, da na tsaka-tsaki, sannan wanda yake bugawa ya matsa muryar ta hau, da wanda yake saki ta gangaro. Kowanne a yi shi sau huɗu ko biyar, daga mai taushi zuwa mai ƙarfi, a bar shiru tsakani. In bugu ɗaya ka riƙa maimaitawa, kunnen Bahaushe zai gane inji ne tun a zagaye na biyu. Ka lura da lokaci ma: da hunturu fata takan tsuke murya ta yi sama, da damina ta saki, don haka ka gama naɗin ganga ɗaya a zama ɗaya.

In ka zo jerawa kuma, da yawa daga kiɗanmu uku-uku yake tafiya, manhajar kuwa tana buɗewa da gidajen jera bugu 16 na huɗu-huɗu. Mayar da ita gidaje 12, za ka ji kiɗan ya sami wurin zama.

Ba zan yanko daga tsohon kaset ba kawai? Ai masu shi sun rasu.

Sun rasu, haƙƙinsu bai rasu ba. A dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, kiɗa da waƙa suna cikin kariya har shekara 70 bayan rasuwar mai su. Shata ya rasu a 1999, yi lissafi da kanka. Dokar ta kuma tanadi haƙƙin mai bugawa, da kariya ga fasahar gargajiya.

Akwai wani labari da nake ba duk wanda zai je wurin makaɗi da waya a hannu. A 1969 wani Ba'amurke mai suna Gregory Coleman, makaɗin ƙungiyar The Winstons, ya yi wani bugu na daƙiƙa shida zuwa bakwai a tsakiyar waƙa. Daga baya aka yanke wurin, aka sa shi a dubban waƙoƙi, har wasu nau'o'in kiɗa suka tsiro a kansa a Ingila. Shi kuwa ya rasu a 2006 ba shi da matsuguni, bai ci ko kwabo daga ciki ba. Ba na son mu yi wa makaɗan Zazzau haka da hannunmu.

Don haka in ka je, ka gaishe shi yadda ake gaida babba, ka yi masa bayani dalla-dalla: "Baba, sautin nan zan raba wa mutane, wasu za su yi waƙa su sayar." In ya yarda, ku yi ciniki ka biya shi a wurin, ba alkawari ba, kuma ka naɗi amincewar tasa da muryarsa. In ya ce a'a, ko ya ce wannan taken na wani basarake ne ba a wasa da shi, ka bar shi. Tambari na sarki ne, ba abin da za ka tura waya ka ɗauka ba ne don ka ji daɗin ƙuginsa.

In na gama, ya zan shirya shi don rabawa?

Yanke kowane bugu daidai inda ya fara, ka bar masa jelarsa ta mutu da kanta. Sa wa fayilolin suna da Hausa yadda kowa zai gane: kalangu a sake 1, kalangu a matse 3, ƙwarya tafin hannu 2. In akwai lup, rubuta saurinsa a sunan. Sannan ka saka ɗan fayil na rubutu a cikin foldar mai ɗauke da sunan makaɗin in ya amince, da unguwarsa, da shekarar da aka naɗa, da sharaɗin da kuka yi. Ni CC BY nake ba da shawara, don duk wanda ya yi waƙa da shi a Kano ko Yamai ko Legas sai ya rubuta sunan mutumin da ya riƙe gular. Ka fara kai wa makaɗin kwafinsa, ka sa masa a sifika ya ji, kafin ka tura wa kowa.